Araha Ba Ta Ado: Abin da Ke Yanka Kuɗin Inshorar Mota a Azare da Katagum

Tun daga ranar 1 ga watan Fabrairun 2025, sa'ad da 'yan sandan Nijeriya suka fara aiki da umurnin Sufeto Janar ɗinsu na lokacin, Kayode Egbetokun, na tsayar da motoci a tambayi takardar inshora, maganar nan ta shiga bakin direbobi ko'ina cikin ƙasar nan. Direbobin Azare da na Katagum su ma suna cikin masu kuka. Mai ya yi tsada, taya ta yi tsada, kayan gyara sun fi ƙarfin talaka, ga shi kuma an ninka kuɗin inshora har sau uku. Waɗansu na cewa haraji ne kawai aka sake wa suna. Waɗansu kuwa cewa suke yi takarda ce ta nuna wa ɗan sanda, saboda haka wadda ta fi araha ita ce ta fi.

Kukan tsada yana da dalili, domin kowa ya san halin da aka shiga tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Amma maganar neman araha ita ce mai hatsari, kuma ita ce kan jefa mai mota cikin bashin da zai daɗe bai fita ba. Ya kamata direba ya san abin da yake biya, da wanda ya yanka kuɗin, da dalilin da ya sa nasa ya bambanta da na maƙwabcinsa. Wanda ya san wannan zai gane cewa inshorar da ta fi kowace tsada a ƙasar Katagum ita ce wadda aka saya da araha a gindin bishiya, ranar tsautsayi kuma aka nemi kamfaninta aka rasa.

Garin da hanya ta ɗaukaka

Tun da aka ɗauke gadon sarautar Katagum daga tsohon birnin da ke bakin kogin Jama'are aka kawo shi Azare a 1916, garin ya zama mahaɗa. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa shi, ta fito daga Wudil da Shuwarin, ta wuce Fataskum da Damaturu. Wata hanyar ta yi kudu zuwa Misau da Darazo har Bauci, wata kuma ta yi arewa zuwa garin Katagum, tafiyar kamar kilomita 70. Tirelolin shanu daga kasuwar Fataskum, da tankokin mai masu zuwa Barno, da ƙananan motocin haya irin su Golf da Sharon, da babura da kekuna masu ƙafa uku, duk kwalta ɗaya suke bi. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na jami'ar jiha da ke Gadau, ga marasa lafiya da ake kawowa babban asibitin tarayya daga ƙauyuka. Inda mota ta yi yawa haka tsautsayi ba ya nisa, kuma sau da yawa wanda ya fi shan wuya ba ya ma cikin motar: mai tafiya a ƙasa ne, ko ɗan acaɓa, ko yarinya mai talla a bakin titi, ko makiyayin da aka banke wa saniya.

Saboda irin waɗannan mutane aka yi dokar. Tun zamanin Turawa, a 1945, aka kafa dokar da ta hana kowa hawa hanya da mota sai da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna, ta kuwa fara aiki a 1950. Dokar inshora ta 2003 ta ƙara da cewa lalle a biya dukiyar da aka lalata, har zuwa naira miliyan 1. A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri ɗaya, ta kuma bar wajabcin nan daram. Watau abin da ɗan sanda ke tambaya a shingen hanya ya girmi kusan dukan direbobin da ke riƙe da sitiyari yau.

Inshorar mota iri biyu ce da aka fi sani. Ta farko ita ce ta dole, wadda a takarda ake kira ta mutum na uku. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, na ukun kuwa shi ne duk wanda motar ta buge ko ta lalata masa dukiya. Wannan ba ta gyara wa mai mota ko da fitila ɗaya. Ta biyu ita ce cikakkiya, wadda ta haɗa haƙƙin mutum na uku da asarar mai motar kansa, ko ta karo ce, ko gobara, ko sata. Abin da ke yanka kuɗin kowace daban ne, kuma rashin rarrabe su ne ke kawo yawan gardama a tasha.

Wadda ba a cinikinta

Inshorar dole ba a taya ta. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke yanka kuɗin, kuma abin da ta yanka a Abuja shi ne a Ikko, shi ne a Azare, shi ne a Gamawa. A watan Disambar 2022 ta fitar da takardar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, iyakar abin da kamfani zai biya na dukiyar da aka lalata kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da mutum ke ɗaukar kayansa na kansa naira 20,000 ce, da iyakar miliyan 5. Babbar motar dakon kaya naira 100,000, ita ma da iyakar miliyan 5. Keke mai ƙafa uku naira 5,000, da iyakar miliyan 2, babur kuwa naira 3,000, da iyakar miliyan 1. Wannan iyaka ta dukiya ce kaɗai. Diyyar rai da ta rauni lissafinsu daban ne.

Ke nan abin da ke bambanta kuɗin inshorar dole shi ne irin motar da aikin da take yi. Dalilin a fili yake, domin ɓarnar babur ba ta kai ta tirela ba. Jama'ar wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa ba, a watan Oktoban 2024, inda wata tankar mai ta kife ta kama wuta, mutane fiye da 150 suka rasu. Motar da za ta iya jawo irin wannan masifa a dare ɗaya ba za a yi mata kuɗi ɗaya da Golf ba.

In aka raba naira 15,000 a kan kwanakin shekara, abin kamar naira 41 ne a rana, kuɗin da ba ya sayen kofin shayi a bakin tasha. Na tirela kuwa kamar naira 274 ne a rana. Wuyar ita ce fitar da kuɗin a dunƙule rana ɗaya, lokacin da ake sabunta sauran takardun mota, ga kuɗin makarantar yara, ga cefane. Wannan wuya ce ta gaske, amma tana da magani, za a zo kansa nan gaba.

Akwai kuma abin da masu kukan tsada ba su cika lura da shi ba. Naira miliyan 3 a yau ba ta gyara babbar motar attajiri in aka ragargaza mata gaba. Duk abin da ya haura iyakar nan daga aljihun mai laifi zai fito. Mai motar da ke yawan shiga Kano ko Abuja yana iya neman kamfani ya ɗaga masa iyakar, ya ƙara wani abu a kan kuɗin shekara. Wanda ya taɓa sayar da gonar gado don ya gyara motar wani ba zai ce wannan ƙari ya yi yawa ba.

Wadda ke hawa da sauka

Cikakkiyar inshora ita ce ake ciniki, amma ita ma an sa mata ƙasa. Takardar NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, bayan an cire kowane irin rangwame. Motar naira miliyan 6 za ta biya aƙalla naira 300,000 a shekara, ta miliyan 10 kuma naira 500,000. Saboda haka abu na farko, kuma mafi girma, shi ne darajar motar.

A nan ne faɗuwar naira ta shigo. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan wajen naira 460, cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Yawancin motocin da ke yawo a Azare na hannu ne, daga waje aka shigo da su, haka kayan gyaransu, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano aka saye su, ko a Ladipo ta Ikko. Da dala ta tashi sai kuɗin mota ya tashi, kuɗin gilashin gaba da lagireto da giyabos ya bi shi, kashi 5 ɗin kamfani shi ma ya bi. Kamfanin bai ƙara kaso ba, abin da ake ɗaukar kason a kansa ne ya kumbura.

Wannan ne ke sa waɗansu su yi dabarar rage darajar mota a takarda. Mota ta miliyan 8, sai a rubuta miliyan 4 don a biya rabi. Ranar da ta ƙone ƙurmus, miliyan 4 ɗin nan ita ce iyakar abin da za a samu, kuma ba ta sayen irinta. In ma gyara ne, kamfani yana iya cewa tun da rabin daraja aka biya wa, rabin gyara zai ɗauka. Haka wanda ya yi inshora kafin tashin dala, ya ci gaba da sabuntawa a kan tsohon kuɗi, shi ma yana cikin wannan rami ba da saninsa ba. Ya kamata a sake ƙiyasta mota duk shekara. Tsufan mota shi ma abin dubawa ne, domin kamfanoni da yawa ba sa son karɓar tsohuwar mota a cikakkiyar inshora, in sun karɓa kuma sai sun ƙara kuɗi ko sun gindaya sharuɗɗa.

Abu na biyu shi ne aikin da motar ke yi, kuma a nan ne ma'aikata da yawa ke faɗa wa tarko. A ɗauki malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da zai tafi Bauci, ya tsaya a bakin gari ya ɗauki mutum huɗu don su rage masa kuɗin mai. Takardarsa ta motar gida ce, kuma cikin sharuɗɗanta akwai cewa ba a ɗaukar fasinja don kuɗi. In taya ta fashe tsakanin Misau da Darazo, fasinja ya karye, kamfani yana da hujjar da zai ƙi biya. Wanda ke kabu-kabu, ko da sau ɗaya ne a mako, ya faɗa wa kamfani gaskiya, a rubuta masa takardar motar haya. Kuɗinta ya fi, domin motar haya ta fi daɗewa a kan hanya, ta fi ɗaukar rayuka, direbanta kuma ya fi gajiya.

Abu na uku shi ne direban kansa. Kamfani yana so ya san wa zai tuƙa, ko yana da lasin mai aiki, ko lasin ɗin na irin motar ne, da shekarun da ya yi yana tuƙi. Mai motar da ya yi shekara bai nemi diyya ba akan yi masa rangwame in ya zo sabuntawa, muddin bai sauka ƙasa da kashi 5 ɗin nan ba. Wanda kuwa kullum yana ofis da takardar neman gyara, kuɗinsa hawa zai yi. Akwai kuma kason da ake bar wa mai mota ya biya da kansa a kowane haɗari, in kuma yaro ne ko sabon hannu ke tuƙi, kason kan ƙaru. Al'adar nan ta miƙa wa yaron mota sitiyari da tsakar dare don maigida ya ɗan runtsa, alhali yaron ba shi da lasin, tana iya rushe inshorar gaba ɗaya. Haka lodi fiye da kima: motar da aka rubuta mata mutum bakwai aka cusa mata goma sha ɗaya, da buhuna a kan but, ta riga ta saɓa wa sharaɗi tun kafin ta bar tasha.

Abu na huɗu shi ne hanyar da ƙasar da motar ke bi. An ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2006, aka shafe shekara fiye da goma ana aikin. Da hanya ta yi kyau sai karon gaba da gaba ya ragu, amma ƙafar direba ta ƙara nauyi a kan totur. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu a 2017 saboda irin wannan. Sa'an nan ga ruwa. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke wannan babbar hanya a cikin ƙaramar hukumar Katagum, ta tilasta wa motoci zagaye. Mutanen Zaki da Gamawa kuwa sun san abin da kogi ke yi in damina ta yi ƙarfi. Ba kowace cikakkiyar inshora ce ta haɗa da ambaliya ko ɓarnar tarzoma ba, a wurin kamfanoni da yawa sai an ƙara su da ƙarin kuɗi. Mai mota a wannan yanki ya tambaya da bakinsa, ya ga an rubuta, kafin ya sa hannu. Batun sata shi ma yana cikin lissafi, shi ya sa akan tambayi inda mota ke kwana, akan kuma nemi a sa wa mai tsada na'urar bin sawu.

Takardar gindin bishiya

To, duk wannan lissafi na wanda ya sayi inshora ta gaske ne. Babbar cutar da ke cin masu motoci ita ce ta jabu. A garuruwa da yawa akwai masu zama kusa da inda ake sabunta takardun mota, su ce, "Alhaji, kawo a haɗa maka duka." Sai su haɗo da takarda mai hatimi da sunan kamfani, wani sa'in kamfanin babu shi a duniya, wani sa'in kuma akwai shi amma bai san da zancen ba. Mai mota ya biya 3,000 ko 5,000, ya tafi yana murna ya tsira da 10,000. Alhali kuwa bai sayi komai ba sai tawada.

Gane ta ba wuya. Duk takardar motar gida da aka sayar ƙasa da naira 15,000 abin tuhuma ce, tun da kamfani mai rajista ba shi da iznin saukowa ƙasa da haka. Har wa yau ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun ajiye bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da kowace inshorar mota ta gaske. Mai waya yana iya danna *565*11# ya sa lambar motarsa ya gani, ko ya duba ta intanet. In lambar ba ta fito ba, ya koma wa wanda ya sayar masa tun kafin rana ta ɓaci. Jami'an da ke kan hanya ma suna iya duba wannan rumbu, saboda haka takardar jabu ta fara gazawa ko a aikin nan ɗaya da ake saye ta dominsa.

A auna abin da kyau. Direban haya ya buge ɗan acaɓa a mararraba, ƙafa ta karye, babur ya lalace. Mai takardar gaske zai kai rahoto, kamfani ya ɗauki nauyin asibiti da na babur. Mai ta jabu kuwa motarsa za ta kwana a ofishin 'yan sanda, ya daina samun na cefane, ya shiga neman rance don kuɗin magani, wataƙila daga ƙarshe ya sayar da motar. Naira 10,000 da ya tsira da ita ta ci masa sana'a.

Yafiya da haƙƙin marayu

Akwai wata magana mai nauyi da ta shafi wannan yanki musamman. In aka yi haɗari aka rasa rai, sau da yawa dangin mamaci kan ce wa direba, "Malam, ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, mun yafe." Wannan hali ne na kirki, kuma babu mai hankalin da zai kushe shi. Amma a lura da wanda ke cin ribar yafiyar. Direba ya riga ya biya kuɗin shekara daidai saboda irin wannan rana. In ba a nemi diyya ba, kuɗin yana nan a asusun kamfani, matar mamaci kuma ta koma gidan iyayenta da yara biyar ba ko sisi. Ana iya yafe wa direba, a hana a kai shi kotu, a kuma bar shi ya sanar da kamfani domin a biya marayu abin da doka ta ba su. Ɗayan bai hana ɗayan ba.

Waɗansu kuma suna ƙyamar inshora saboda addini, suna ganin akwai riba da caca a cikinta. Malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan, kuma saboda haka ne aka fito da tsarin takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, daga baya aka ba kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin. A wannan tsari kuɗin da kowa ya zuba gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, ana juya shi ta hanyar da Shari'a ta yarda, in kuma an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda suka zuba. Tunanin ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure, domin a kisan kuskure dangi ne, watau aƙila, ke haɗuwa su biya diyya don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Saboda haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba yana da ƙofar da zai bi. Takardar jabu kuwa, wadda ƙarya ce tsantsa, ba ta da mazauni a kowace mazhaba.

Laifin ɗaya ɓangaren

Ba adalci ba ne a ɗora wa direba laifi duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin kamfanonin inshora hedkwatarsu a Ikko take, rassansu kuma a manyan birane. Mutumin ƙauyen Zaki da aka buge wa ɗa, in har sai ya yi ta zirga-zirga zuwa Bauci ko Kano, ya cika takardu da Turancin da ko mai digiri sai ya sa tabarau, ya yi wata da watanni yana jira, to zai haƙura. Haƙurinsa kuma shi ne ke koya wa maƙwabtansa cewa inshora ba ta biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya iya aiko wakili ya karɓi kuɗi a Azare ya kamata ya iya aiko wakili ya biya diyya a Azare. Dokar 2025 ta ɗaga jarin da ake bukata daga kamfanin inshorar dukiya daga naira biliyan 3 zuwa biliyan 15. Wannan ƙarfi ya kamata a gan shi a hannun masu neman diyya, a kuma ga takardun da aka rubuta da Hausa.

Ita ma NAICOM akwai gyara a wajenta. Kuɗin bai ɗaya yana da amfani, domin yana hana kamfanoni karya farashi su kasa biya. Amma ya sa dattijon da ya yi shekara 30 yana bin hanyar Azare zuwa Kano bai taɓa taka ko kaza ba yana biyan daidai da yaron da ya karɓi lasin jiya. A Ingila, inda inshorar mota ta zama dole tun 1930, ana duba shekarun direba, da unguwar da yake zaune, da tarihin tuƙinsa, mai hankali ya biya kaɗan, mai ganganci ya biya da yawa. Nijeriya tana da rumbun bayanan inshora, hukumar kiyaye haɗurra kuma tana da na lasin direbobi. In aka haɗa su, za a iya saka wa direban kirki da ragi ko a inshorar dole. Ranar da direba ya ga cewa rage gudu yana rage masa kuɗi, zai fi jin wannan wa'azi fiye da na allon bakin hanya.

Abin da ke hannun mutanen gari

Ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, tana da reshe a kowace tasha, kuma kullum tana karɓar kuɗin tikiti. In reshen Azare da na Katagum suka ware wani ɗan abu a kowace rana kamar adashi, kafin shekara ta zagayo kuɗin inshorar kowane direba ya haɗu, ba tare da ya ji ciwon fitar da shi a dunƙule ba. Wannan yana da muhimmanci domin ƙa'ida ita ce sai an biya kuɗi inshora ke fara aiki, babu bashi a cikinta. Sa'an nan ƙungiya ta sayi na 'ya'yanta gaba ɗaya ta hannun dillali mai rajista, da sharaɗin zai riƙa zuwa gari yana bin maganar diyya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kamfanin da zai yi wa direba ɗaya jan ƙafa ba zai so ya rasa cinikin tasha guda ba.

Direba kuma ya san abin yi in tsautsayi ya auku. Ya fara da ceton rai, ya kai rahoto wurin 'yan sanda, ya ɗauki hoton wurin da wayarsa, ya sanar da kamfani nan da nan, ya adana rasit na asibiti da na gareji. Kada ya yi alkawarin biya ko ya fara gyara kafin kamfani ya sani, domin wannan yana iya ɓata masa neman diyya. In kamfani ya ƙi biya ba bisa hujja ba, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke, kuma ƙofar kotu a buɗe take.

Hakimai da masu unguwanni da limamai, waɗanda a gabansu ake yin sulhu in an yi haɗari, su ma suna da rawar takawa. Kafin a shafa fatiha a watse, wani dattijo ya tambaya ko motar tana da inshora, a duba lambar a waya a gaban kowa. In tana da ita, a bi wa wanda aka cuta haƙƙinsa har ya shiga hannunsa. In aka yi haka sau biyu ko uku a Azare, mutane suka ga an biya da idonsu, mai sayar da takardar gindin bishiya zai nemi wata sana'a.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa gidansa lafiya.